Celima Mai Fito da Lamba Talatin da Ɗaya

Shekara goma sha tara Celima Doucet ta yi tana tuƙa jirgin fito a Belle Anse, wani ƙauye a jihar Louisiana, tun daga ranar da mijinta ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Jirgin wani faffaɗan katako ne mai inji, yana bin igiyar ƙarfe daga wannan gaɓa zuwa waccan, yana ɗaukar ƙananan motoci huɗu ko babbar motar rake guda. Duk abin da ɗan Adam yake nema yana tsallaken kogi, a Saint Amable: asibiti, injin matse rake, tashar jirgin ƙasa, makarantar sakandare, har da mai cire haƙori. Belle Anse kuwa coci gare ta, da kantin Mista Hebert, sai rake iya ganinka.

A cikin shekarun nan mata uku suka haihu a kan jirginta, ita ta karɓi haihuwar duka, alhali ba ungozoma ba ce. Wani tsoho kuma ya cika a bakin gaɓa suna jiran hazo ya washe. Shi ya sa duk sanda aka tayar da zancen gada, muryar Celima ta fi ta kowa tashi.

Wata Lahadi a farkon Oktoba, bayan an taso daga coci, wakilinsu na majalisa ya tara mutane a zauren Fada, limamin cocin. Ya dawo daga Baton Rouge, babban birnin jiha, da albishir, in ji shi. Majalisa ta yarda a kafa hukumar gada guda ɗaya wadda za ta haɗa gundumomin biyu, ta nan da ta tsallake, ta gina musu gada. Kafin ya rufe baki zaure ya kaure da tafi, wasu har da jefa huluna sama.

"Ku tsaya, ku tsaya," in ji shi. "Da sauran magana. Sai an yi wa kundin tsarin mulkin jiha gyara. Gyara kuwa sai Louisiana kaf ta jefa ƙuri'a a kai."

Ovide, ƙanen Celima, wanda ba a biki a garin sai da gogensa, ya miƙe. "Tsaya, ranka ya daɗe. Wato wani mutum can arewa, wanda ko a mafarki bai taɓa ganin kogin nan ba, shi zai ce mu yi gada ko kada mu yi?"

"Shi da matarsa," in ji wakilin.

Aka yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Ya ci gaba da bayani: gyare-gyare arba'in da uku ne za su fito a takardar zaɓe, nasu shi ne na talatin da ɗaya. Mutum zai karanta na farko, ya karanta na biyu, kafin ya kai na goma ya gaji, sai ya bi sauran da a'a, a'a, a'a har ƙasa, ya fita ya tafi cin abinci.

Celima ta miƙe tsaye. "To wa zai je ya gaya musu?"

Kowa ya san saran rake zai kama a makon, babu namijin da zai iya barin gona.

"Ni zan je," ta ce.

"Tanti Celima, ke?" in ji wata daga baya. "Gadar da za ta raba ki da sana'arki?"

"Sana'ar da ta cinye min gwiwoyi? Ku zo ku ɗauke ta yau ma, na yafe." Ta juya ta nuna ƙanenta da yatsa. "Kai kuma, tun da ba a taɓa ganinka da adda a hannu ba, kai za ka ja mota."

"Yaya, ni fa mutum ne mai rauni."

"A gona kake da rauni. A gidan rawa ƙarfinka ya fi na doki."

Ranar Laraba suka tashi. Azema, 'yar Celima, ta karɓi jirgi. Mutanen gari suka cika tsohuwar akori-kurar Ovide da buhunan shinkafa, da kubewa, da albasa, da kaji a keji, da ƙatuwar tukunyar ƙarfen da ake dafa abincin bikin coci. A jikin motar an rubuta 31 da jan fenti, kowace lamba tsayin mutum. Da jirgi ya tsallakar da su, Celima ta waiwaya ta ga gari duka a gaɓa ana ɗaga mata hannu. Shekararta hamsin da shida, ba ta taɓa kwana uku a jere a wajen Belle Anse ba.

Garin farko da suka tsaya, sai da ta so ƙasa ta tsage ta shige. Ta hau bayan mota a gaban kotu ta fara jawabi da Turancinta na koyo, harshe yana zamewa zuwa Faransancin gida. Mutum biyu suka tsaya, ɗaya ma kare yake nema.

Ta sauko tana huci. "Hura min wuta, Ovide."

"Tun yanzu? Ko azahar ba ta yi ba."

"Na ce ka hura."

Ta soya gari da mai har ya yi duhu, ta zuba albasa da kubewa, ta jefa kaji uku. Kafin awa guda ƙamshi ya zagaye kotun. Sai ga magatakarda, sai ga lauyoyi, sai ga alƙali da kansa ya leƙo ta taga. Celima ta tsaya da ludayi a hannu kamar soja.

"Kyauta ne," ta ce wa na farkon layi. "Amma sai ka gaya min lamba."

"Wace lamba?"

Ta buga jikin motar da ludayi.

"Talatin da ɗaya?"

"Me za ka ce mata?"

"Eh... eh?"

"Allah ya yi maka albarka. Miƙo kwano."

Shi ke nan, hanya ta samu. Ovide ya ɗauko goge ya ƙirƙiro wata waƙa mai baiti ɗaya tal, ba komai a cikinta sai lamba da gada, amma in ta shiga kunnen mutum ba ta fita. Suka bi garuruwan kudu ɗaya bayan ɗaya: bakin kasuwa, ƙofar coci, masaƙar raga, wurin sauke jatan lande. A nan aiki da sauƙi, don duk mutanen ruwa ne, kowa ya san abin da ake nufi da jiran jirgi da mara lafiya a mota. Kaji suka ƙare, aka ba su wasu. Wani ya kawo agwagi, wata ta kawo buhun barkono. Celima ta koyi taƙaita magana. Takan ce, "Mata uku sun haihu a hannuna a tsakiyar kogi, ba na son ta huɗu," sai ta zuba miya.

A mako na biyu suka miƙa arewa. Ƙasa ta fara tudu da gangare, ta koma ja, rake ya ɓace, auduga ta maye gurbinsa. Mutanen nan ba sa jin Faransanci, ba sa rawa, kofinsu kuma a wurin Celima ruwan wanke kofi ne. Sukan ci miyar, su yi godiya da ladabi, su faɗi lambar, amma tana ganin idonsu ta san kafin su kai gida sun manta. Wani dattijo baƙar fata mai share filin kasuwa ya shanye kwanonsa tas, ya ce, "Madam, da suna barin baƙar fata irina ya jefa ƙuri'a a garin nan, da kin samu tawa." Celima ta ƙara masa cinyar kaza. Ranar ba ta yi wa Ovide faɗa ko sau ɗaya ba.

A wani gari mai suna Harlow suka tarar ana bikin baje kolin amfanin gona. Suka sami wata inuwa kusa da rumfar shanu, suka kafa tukunya. Ovide ya ja goge sau biyu ke nan sai ga wata doguwar mata siririya, da tabarau da lema a naɗe, ta nufo su kamar za ta kama ɓarawo.

"Malam, ka ajiye wannan abu. Rumfar addu'a tana bayanka." Ta juya kan Celima. "Ke kuma hayaƙinki yana shiga idon mutanena."

Celima ta leƙa inda matar ta fito. Wani ɗan tebur ne da takardu a jere, an danne su da duwatsu, ko kaza babu a gabansa.

"Waɗanne mutanen?"

Ovide ya ƙyalƙyale da dariya, ya mayar da ita tari.

Matar ta yi ja har kunne. Sunanta Lurline Tarver, shekara talatin tana koyarwa a makarantar garin, rabin mutanen da ke filin nan ta taɓa sa su durƙuso. "Kwana biyu ina zaune a can," ta ce. "Ina da magana mai muhimmanci da jama'a, ba wasan kwaikwayo na zo yi ba."

"Wace magana?"

Madam Tarver ta koma teburinta ta dawo da kwalba. Ruwan da ke ciki ja ne kamar an jiƙa tsatsa. "Abin da yaranmu suke sha ke nan. Muna so a kafa mana hukumar ruwa. Gyara na goma sha takwas."

Celima ta karɓi kwalbar ta ɗaga ta a rana. Ta dubi lambar da ke jikin motarsu, ta dubi matar. Sai wata dabara ta faɗo mata.

"Zauna, Madam."

"Ba zama na zo yi ba."

"Ovide, ba ta kujera. Zuba mata."

Cokali ɗaya Madam Tarver ta kai baki, hawaye suka zubo ta ƙarƙashin tabarau. Ta yi tari, ta yi fifita da hannu, ta ce wannan ba abinci ba ne, azaba ce. Sannan ta kai na biyu.

"Saurara," in ji Celima, tana haɗa Turanci da hannu. "Mutanena ba su san Harlow ba. Za su zo kan sha takwas su ce a'a. Mutanenki ba su san Belle Anse ba. Za su zo kan talatin da ɗaya su ce a'a. Taki ta faɗi, tawa ta faɗi. Amma in na koma kudu na ce musu sha takwas tamu ce?"

Madam Tarver ta ajiye cokali a hankali. "Mutum nawa za su ji maganarki?"

"Duk wanda ya taɓa cin abincina. Da duk Fadan da ke bakin ruwa."

"Ni kuma ƙungiyar matan coci," in ji Madam Tarver, muryarta ta sauya. "Gunduma goma sha ɗaya. Ni ce sakatariya. In na rubuta wasiƙa, ranar Lahadi za a karanta ta a kowane coci." Ta miƙe zumbur. "Kuma ba mu kaɗai ba ne! Akwai masu neman asibiti a lamba bakwai, akwai masu neman ganuwar ambaliya a ashirin da biyu. Duk ƙananan garuruwa ne irinmu, kowa yana kuka shi kaɗai a lungunsa. Malam, ajiye gogen nan ka kawo min jakata!"

"Ashe dai akwai mai iya ba ni umarni ban da Yaya," in ji Ovide, yana gudu.

A kan murfin bayan mota suka yi aikin, yinin ranar cur. Madam Tarver tana rubutu da kyakkyawan hannunta na malamai, Celima tana lissafo sunayen garuruwa da na Fada-Fada, Ovide yana lasar ambulan har harshensa ya bushe. Suka tsara ɗan kati wanda zai shiga tafin hannu, lambobi huɗu kawai a jiki: 7, 18, 22, 31, a ƙasa an rubuta EH. Kafin la'asar Madam Tarver ta jawo teburinta kusa da tukunya, duk wanda ya zo karɓar miya sai ta dube shi ta saman tabarau ta kira sunansa na yarinta, ta sa shi ya maimaita lambobin huɗu. Manyan mutane masu gemu suna tsaye suna karantawa kamar 'yan aji ɗaya. Da yamma ta yi har ta ce wa Ovide zai iya kaɗa gogensa, amma a hankali, kuma kada ta ga ƙafar kowa ta motsa.

Sauran kwanakin gudu ne kawai. Suka juyo kudu da kwali biyu na katin, suna rabawa a duk inda suka taɓa tsayawa. Mutane suna tambaya, "Ina ne kuma Harlow?" Celima takan fito da kwalbar jan ruwa, wadda Madam Tarver ta ba ta, ta dangwarar a gabansu. Ba ta ƙara ko kalma.

Ranar Talatar zaɓe Belle Anse ta fito kaf. Masu saran rake suka zo da laka har gwiwa, aka ɗauko tsofaffi a kujerunsu. Celima ta jefa tata tun da sassafe, ta koma kan jirgi, amma ranar sau biyu tana mantawa ta ɗaure igiya.

Laraba da safe gari ya taru a kantin Mista Hebert, inda rediyo da wayar tarho suke. Labari bai yi daɗi ba. New Orleans, birnin da ya fi yawan jama'a, ta yi abin da aka ji tsoro, ta bi takardar da a'a tun daga sama har ƙasa. Talatin da ɗaya tana baya da ƙuri'a dubu tara. Wasu suka saɓa huluna suka fice.

"Ba a ƙirga ƙauyuka ba tukuna," in ji Celima. "Ba a ƙirga arewa ba."

"Yaya, arewa fa..." Ovide ya fara.

"Rufe min baki."

Alhamis tazarar ta dawo dubu biyu. Akwatunan ƙauye suna isowa ɗaya-ɗaya, mai rediyo kuma sai ya gama labarin manyan kujeru kafin ya tuna da gyare-gyare. Babu wanda ya yi aikin kirki a garin. Mata suka ƙona abinci, Fada ya zo kanti sau huɗu wai sayen ashana.

Juma'a da hantsi Celima tana tsakiyar kogi, ta ɗauko motar rake da mutane kamar goma sha biyar, sai ta hango Mista Hebert ya fito daga kanti a guje. Mutum ne mai tumbi, tunda take ba ta taɓa ganin ya yi sauri ba. Ya iso gaɓa yana kaɗa farin ƙyallen aikinsa, bakinsa yana buɗewa yana rufewa, ƙarar inji ta hana a ji.

"Me yake cewa?" in ji direban motar.

Celima ta kai hannu ta kashe injin. Kogi ya yi shiru. Sai muryar ta taso a kan ruwa, siririya:

"Ta wuce! Ɗari shida da goma sha huɗu! Arewa ce! Ta wuce!"

Ƙararrawar coci ta ɗauka. Jirgi ya rikice da ihu, direban ya kwanta a kan ham ɗin motarsa, wata tsohuwa ta rungume Celima har suka kusa faɗawa ruwa tare. Ita kuwa dariya take, hawaye suna shiga mata baki. Ta ja igiyar inji, ya ƙi tashi. Ta sake ja, ya yi tari ya mutu.

"Ku bar shi!" ta ce. "Kowa ya kama igiyar ƙarfe!"

Haka suka jawo jirgin da hannu, maza da mata, suna rera waƙar Ovide, har ya daki gaɓa.

Mista Hebert ya tare ta yana haki. "Matar nan ta Harlow tana kan waya, ta ce ba za ta ajiye ba sai ta ji muryarki."

Celima ta ruga kanti ta ɗauki kan tarho. "Madam Tarver! Kin ji? Mutanenki ne! Mutanenki ne suka yi!"

"Na ji, Madam Doucet. Ba sai kin fasa min kunne ba. Ina taya ki murna."

"Sha takwas fa?"

"Bakwai ta wuce. Ashirin da biyu ta wuce. Tamu ta faɗi da ɗari uku da wani abu. Amma na duba alƙaluma. Gundumarki ta ba mu tara cikin goma. Ko Harlow ba ta ba mu haka ba."

Celima ta jingina da teburin kanti. Ta taga tana ganin Ovide a kan akori-kura da goge, gari yana tsalle a gabansa. "Wayyo, 'yar'uwa," ta ce.

"Kada ki tsaya kina min kuka a wayar mutane. Majalisa za ta sake zama, bayan shekara biyu akwai wani zaɓen. Zan rubuto miki sabuwar lamba."

"Ki rubuto. Wannan karon har New Orleans za mu shiga, unguwa-unguwa. Ni da ke."

"To. Yanzu ki je ki yi rawarki. Ni dai kada ki ba ni labari."

Ba ta samu ta yi rawar ba. Tana fitowa Azema ta nuna mata tsallake: mutanen Saint Amable sun cika gaɓa maƙil, da ganguna da tukwane, suna kiran jirgi don su zo a yi murna tare. Wani makaniki ya buɗe injin ya tayar da shi. Sawu goma sha ɗaya Celima ta yi a yinin nan, kowane sawu jirgi cike, ba ta karɓi ko sisin kowa ba.

Bayan shekara biyu suka shiga New Orleans kamar yadda ta faɗa, da tukunya da tabarau, kuma Harlow ta sami ruwanta. Gadar kuwa sai da ta ci shekara biyar kafin a gama. Ranar buɗewa aka ce Celima ta shiga motar gaba tare da manyan baƙi, ta ce a'a, da ƙafa za ta taka. Ta hau a hankali saboda gwiwoyi, Madam Tarver tana riƙe da hannunta guda, Ovide yana biye. Da suka kai tsakiya ta tsaya ta dafa ƙarfe, ta leƙa ƙasa. Ba ta taɓa ganin kogin daga sama ba. Ta dubi wannan gaɓa, ta dubi waccan, ta daɗe tana kallo.

"Kai!" ta ce. "Ashe ɗan wannan ne?"